Ɗan barkwanci a kujerar shugaban ƙasa

Tambaya: Malam, da gaske ne shugaban Yukren ɗan wasan barkwanci ne a da? Maigidana ya ce ƙarya ne. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, ki gaya wa maigida gaskiya ne. A 2015 Volodymyr Zelensky ya fara fitowa a wani shirin talabijin a matsayin malamin tarihi da ɗalibinsa ya ɗauka a bidiyo yana caccakar cin hanci, bidiyon ya bazu, aka wayi gari malamin ya zama shugaban ƙasa a cikin shirin. Jam'iyyarsa ma sunan shirin ta ɗauka. A zaɓen gaske na 2019 ya kayar da shugaba mai ci a lokacin, Petro Poroshenko, da kusan kashi 73 cikin ɗari na ƙuri'u.

Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne Fabrairun 2022, da Rasha ta kai hari: ya tsaya a titin Kyiv, babban birnin ƙasar, cikin dare, waya a hannu, yana shaida wa jama'arsa bai gudu ba.