Hudar Kan Nono da Tiyatar Ɗaga Mama

Anti, ni mazauniyar Kubwa ce, shekaruna 34, 'ya'yana uku, na yaye ƙaramin wata biyu da suka wuce. Nonona ya zube har ba na son kallon madubi. Na ga tallar masu tiyatar ɗaga mama a Instagram, har da rangwame. Abin da ban gaya wa kowa ba, ina da huda a kan nonon, na mayar da ƙarfen bayan yaye. Za a yi aikin da shi?

Ƙanwata, na gode da kika faɗa mini, kuma yadda kika faɗa mini haka za ki faɗa wa likita, kunya ba ta shiga ɗakin tiyata. Ƙarfen sai ya fita. Likitoci na amfani da na'urar lantarki wajen tsayar da jini, ƙarfe a jiki kuwa yana iya ƙona fata. Sannan ramin hudar maɓoyar ƙwayoyin cuta ne, ga shi daf da inda za a yanka, domin a wannan aiki ana zagaye baƙin da'irar kan nono da yanka, a rage fatar da ta saki, a matsar da kan nonon sama. Rayuwarsa a makonnin farko ta rataya ne a kan 'yan jijiyoyin jinin da aka bar masa. Shi ya sa likitoci da yawa suke son a cire ƙarfen tun makonni kafin ranar aiki, kuma ba sa yarda a sake huda sai bayan wata shida zuwa shekara. In kina shan shisha, ki daina aƙalla mako huɗu kafin aiki, don nikotin yana matse waɗannan jijiyoyi.

Amma wata biyu bayan yaye ya yi wuri. Ki bari a kai wata shida, nonon ya kafe ya zauna a kamanninsa. Ki kuma tambayi kanki, ki tambayi maigidan: an gama haihuwa? Ciki ne yake miƙa fata, shi da shekaru da hawa da saukar ƙiba, kuma sabon ciki yana iya mayar da aikin baya.

Akwai abin da ya fi damuna, masu talla kuma ba sa nuna shi: tabo. Aikin yana barin tabo zagaye da kan nono, sau da yawa da layi zuwa ƙasa, wani lokaci har ƙarƙashin maman. Mu baƙaƙen fata mun fi saurin yin tabon nan mai tsiro da ƙaiƙayi da ake kira kiloyid, ƙirji kuma yana cikin wuraren da ya fi so. Duba hudar kunnenki da tsofaffin tabbanki. In sun taɓa yin tudu, ki nuna wa likita tun zaman farko. Jin kan nono ma yana iya raguwa, girman maman kuma ba ya ƙaruwa.

Rangwamen nan kuwa, ki ajiye shi gefe. Ki nemi cikakken sunan wanda zai riƙe wuƙar, ki tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, wadda ofishinta yake nan Abuja, kuma ƙwararren likitan gyaran jiki ne. Ki kuma tambaya ki ji wane ne zai yi miki allurar barci, don aikin yakan ɗauki awa biyu zuwa uku. Akwai irin waɗannan likitoci a Asibitin Ƙasa, ki fara jin ra'ayinsu. Hukuncin addini kuma ki kai wa malamin da kika yarda da shi, da cikakken bayanin halin da kike ciki.

Anti, man ɗaga nono da ake sayarwa a Kasuwar Wuse yana aiki? Daga wata amarya a Gwarinpa.

Amarya, riƙe kuɗinki. Fata da wasu zaruruwa na ciki ne suke riƙe mama, in sun saki babu man da yake ɗaure su. Ki je a auna ki, ki sayi rigar mama mai faɗin hannu wadda ta yi miki daidai.