Tambaya da Amsa: Shimfiɗa Darduma a Gidan da Za a Sayar

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan sa gidana a kasuwa, dillali ya ce in gyara falo kafin a zo ɗaukar hoto. Falon mita 4 ne a faɗi, mita 5 a tsawo. Akwai doguwar kujera mai cin mutum uku, da ƙanana biyu. Dardumar da nake da ita santimita 120 da 170 ce, tana tsakiya ƙarƙashin ƙaramin teburi. Ko ta wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ta wadatar ba. Gara ma a naɗe ta a bar ƙasan a fili da a bar ta a wurin. Idon mai saye da darduma yake auna ɗaki ba tare da ya sani ba. In ya ga 'yar ƙarama a tsakiya, kujeru sun ja da baya sun bar ta ita kaɗai, sai ya ɗauka wurin zaman iyakarsa ke nan, falon ya tsuke masa a ido. A hoto abin ya fi muni, domin kyamarar da ake ɗaukar ɗakuna da ita tana buɗa fili, ta ƙara ƙanƙantar da abin da ke nesa.

Abin da ake so shi ne ƙafafun gaba na kowace kujera su hau kan dardumar da kamar santimita 15 zuwa 20, ita kuma ta zarce doguwar kujerar da aƙalla santimita 15 zuwa 20 ta dama da ta hagu. Kujera mai cin mutum uku takan kai santimita 200 zuwa 220, don haka mai 200 da 300 za ta yi miki, a shimfiɗa dogon gefenta ya bi tsawon kujerar. Mai 240 da 340 ta fi, kuma falonki zai ɗauke ta. Amma kada a wuce gona da iri: a bar aƙalla santimita 30 zuwa 45 tsakanin bakinta da bango ta kowane ɓangare. In ta kai bango ta koma kafet, alhali mai saye yana son ganin irin ƙasan da zai biya kuɗinsa.

Kafin ki fitar da kuɗi, ki sami salatif na takarda ki zana girman da kike tunani a ƙasa, ki jera kujerun a kai, sannan ki koma bakin ƙofa ki duba. Daga nan mai saye zai fara ganin falon, daga nan kuma za a ɗauki hoton farko. Ki lura da hanyar da mutane ke bi: ko ta kasance duk a kan darduma, ko duk a wajenta. Mai tafiya da ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa shi ke tuntuɓe.

Tambaya: Ina da jar darduma mai manyan furanni, mai tsada ce, kowa ya shigo sai ya yaba. Matata ta ce a cire ta a sa fara-fara. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malam, uwargida ta fi ka gaskiya a nan, kuma dalilin yana cikin tambayarka. In kowa ya shigo sai ya yaba darduma, to mai saye ma ita zai tsaya kallo, ya fita bai lura da girman taga ko tsayin rufi ba. Kuma da ita za ka tashi. A nemi launi mai sanyi: ruwan toka, ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, ko shuɗi mai duhu-duhu. Idan ƙasan ɗakin mai duhu ne a sa mai haske, idan farin tayil ne a sa wadda ta ɗan fi shi duhu, don bakinta ya fito. Fara fat ba ta yi, domin ƙafafun masu zuwa duba gida za su ɓata ta cikin 'yan kwanaki. Ɗan zane maras hayaniya yana ɓoye datti. A dai guji mai siraran layuka a matse, don sukan yi rawa-rawa a hoto.

Wajen zare, mai zaren roba ta fi dacewa da wannan aiki: ba nauyi, ba ta shan tabo da wuri, ana goge ta da ruwa da sabulu. Ta ulu ta fi kyau da daɗin taku, sai dai sabuwarta takan yi ta zubar da gashi na makonni ko watanni. Mai sheƙi kamar siliki da ake kira biskos a ƙyale ta, ruwa zalla ma in ya zuba mata yakan bar rawayan tabo. Gashin kuma ya zama gajere, bai wuce santimita ɗaya ba. Mai dogon gashi tana riƙe sawun ƙafa, tana hana ƙofa buɗewa.

Tambaya: Tayil huɗu sun tsage a tsakiyar ɗakin kwanana. Ko in shimfiɗa babbar darduma a kai har a gama ciniki?

Amsa: Kada ka yi, ɗan'uwa. Ɓoye aibin kaya ga mai saye ha'inci ne, kuma a ƙasashe da yawa doka kan bai wa mai saye damar kai ƙara kotu idan an ɓoye masa aibi da gangan. Ban da haka, dabarar ba ta ɗorewa. Mai saye mai hankali yakan ɗaga gefen darduma, wani ma da ma'aikaci yake zuwa. Ranar da ya ga tsagar zai fara zargin rufi da famfo da wayar lantarki, ya nemi ragin da ya ninka kuɗin gyaran. Canja tayil huɗu aikin yini ɗaya ne ga mai aikin tayil. In ba a sami irinsu ba, sai a ciro masu lafiya daga ƙarƙashin wadirob ko wani lungu a mayar tsakiya, amma a yi a hankali don sukan fashe wajen ɓanɓarowa, a kuma gaya wa mai saye. In gyaran ba zai yiwu ba, ka nuna masa da bakinka kafin ya gani da idonsa. Bayan nan shimfiɗa darduma ba laifi.

Tambaya: Yaya ake auna ta teburin cin abinci da ta gado?

Amsa: Ta teburi a ƙara santimita 60 zuwa 70 ta kowane gefe, yadda in an ja kujera baya ƙafafunta huɗu suna kan darduma. Teburi mai 90 da 180 yana buƙatar aƙalla 210 da 300, don haka mai 240 da 340 za a nema. In ɗakin ba zai ɗauka ba, a haƙura da ita gaba ɗaya, domin kujerar da ke maƙalewa a bakin darduma tana nuna wa mai saye cewa wurin ya yi kaɗan.

Ta gado kuwa a gicciye ake shimfiɗa ta, ta shiga ƙarƙashin kashi biyu cikin uku na gadon daga wajen ƙafa, ta tsaya gaban durowar gefen gado. Ta fito da aƙalla santimita 45 zuwa 60 ta dama da hagu da wajen ƙafa. Gado mai faɗin santimita 150 zuwa 160 zai zauna da kyau kan mai 200 da 300. A ƙaramin ɗaki, dogaye sirara guda biyu, ɗaya a kowane gefe, sun isa. Kicin da banɗaki a bar su ba komai ranar hoto.

Tambaya: Na sayo sabuwa, amma kusurwoyinta sun ƙi kwanciya, tana zamewa a kan tayil, ga wani wari na kamfani. Ana zuwa duba gidan nan da mako guda.

Amsa: Mako guda ya ishe ki, 'yar'uwa, in kin fara yau. Ki naɗe ta ta baya, wato akasin yadda ta zo, ki ɗaure ki bar ta kwana ɗaya. Ki warware, ki ɗora littattafai masu nauyi a kusurwoyin na kwana biyu. Kusurwar da ta yi taurin kai a kife ta, a ɗora ɗanyen tawul, a goga da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi. Da zafi sosai zaren roba narkewa yake yi.

Zamewa maganinta shimfiɗar ƙarƙashi ce mai riƙe ƙasa. A yanke ta ta gaza dardumar da santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe don kada ta leƙo. Wannan ba kwalliya ba ce, baƙi ne za su taka gidan, wasu dattawa, wasu da yara. A kan tayil ta roba ta yi. Amma in ƙasan ledar ɗaki ce, roba takan bar mata rawayan tabon da ba ya fita, don haka a nemi wadda aka rubuta ta dace da leda. A kan katako mai fenti kuma, shimfiɗar leda mai araha takan manne ta ɓata fentin.

Warin kamfani iska ke kore shi: a baza ta a inuwa ko a buɗe tagogi kwana biyu zuwa uku. In tsohuwa ce mai warin damshi ko na dabba, a barbaɗa bekin soda, a bari ta kwana, a zuƙe da injin shara. Kada a fesa turare a kai, mai saye in ya ji ƙamshi ya yi yawa yakan yi zaton ana rufe wani abu ne. Wadda aka wanke kuma kada a shimfiɗa ta sai bayanta ya bushe ƙayau, don gashin sama kan bushe alhali ƙasan na da laima. A safiyar ranar, a bi ta da injin shara ta fuska ɗaya, daga ƙuryar ɗaki zuwa ƙofa, yadda gashin zai kwanta gefe guda kuma ba a bar sawu a kai ba.