Neman Eevee mai launin azurfa

Tambaya: Malam, daga Nima a Accra nake rubutowa. Wata biyu ke nan ina ƙyanƙyashe ƙwai a wasan bidiyo na Pokémon Scarlet, ina neman halittar wasan da ake kira Eevee, irin mai launin azurfa da ba a cika samu ba, amma ban dace ba. Ina na yi kuskure?

Amsa: Ƙanena, ba ka yi kuskure ba, abin ne da wuya, domin tun 2013 damar samunsa 1 ce cikin 4,096. Shawarata ita ce ka nemi musayar Ditto (halittar da ake haɗawa da wasu halittu don a samu ƙwai) daga wanda wasansa ke cikin wani harshe, kamar Faransanci, ka haɗa shi da Eevee ɗinka, sannan ka riƙa duba kwandon ƙwai. Wannan dabara, da ake kira dabarar Masuda, tana kai damar kusan 1 cikin 683. Idan ka cika Pokédex (kundin halittu) na Paldea, yankin da wasan ke gudana, wato halittu 400, ka karɓi Shiny Charm (abin da ke ƙara sa'ar samun irin wannan launi), damar za ta koma 1 cikin 512.