An ƙi ba ƙanena kariya a Amurka: akwai sauran kotu a gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ƙanena yana tsare a Amurka. Ya roƙi kada a maida shi gida don tsoron azabtarwar jami'an tsaro, alƙalin shige da fice ya ƙi, hukumar ɗaukaka ƙara ma ta ƙi. An ce mana tunda an taɓa yanke masa hukunci kan wani laifi, babu kotun da za ta sake dubawa. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo masa mafita. Ba haka ba ne. Ƙofa tana nan, amma ba ta daɗewa a buɗe.

Alƙalin da ya saurare shi da hukumar ɗaukaka ƙarar shige da fice, wato BIA, duk ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a suke, wato ɓangaren gwamnati ne. Bayansu akwai kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai zaman kanta. Kwana 30 doka ta bayar daga ranar hukuncin kora na ƙarshe, kuma kotun yankin da aka kammala shari'ar ake zuwa. Idan daga Niu Yok aka ɗauke shi aka yi zaman a Luwiziyana, to can ƙarar za ta tafi.

Maganar tsohon laifi tana da tushe: dokar ta hana kotunan tarayya taɓa hujjojin korar masu wasu laifuka. Sai dai a 2020, a shari'ar Nasrallah, wani ɗan Labanan da aka samu da karɓar kayan sata, alƙalai 7 cikin 9 na Kotun Ƙoli sun ce wannan hanin bai shafi neman kariya ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa ba. Ƙaninki na da damar cewa an yi kuskure wajen auna hujjojinsa.

Ga inda nake so ki natsu. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar ba ta kiran shaida, ba ta karɓar sabuwar takarda. Fayil ɗin da aka gina gaban alƙalin farko kaɗai take karantawa, kuma in ba kuskuren doka aka yi ba, ba za ta soke hukunci ba sai hujjar ta kai matakin da duk alƙali mai hankali dole ya yarda da ita. Takardar asibiti da ke nuna tabon bulala a bayansa, in tana cikin akwati a gida, a wurin kotun kamar babu ita. Wannan ne ke yawan karya ƙararraki, kuma abin yana damuna, domin mutum na iya zama mai gaskiya ya faɗi. Sabuwar hujja sai ta hanyar roƙon BIA ta sake buɗe shari'ar, yawanci cikin kwana 90, sai in yanayin ƙasarsu ne ya canza.

Shigar da ƙara kuma ba ya tsayar da jirgi. Dole lauya ya nemi umarnin dakatar da kora daban, in ba haka ba ana iya fitar da shi shari'a na gudana. Ko ya yi nasara, kariyar ta hana kai shi ƙasar da yake tsoro ce kawai, ana iya neman wata ƙasar a tura shi.

Gwamnati ba ta biya wa mutum lauya a irin wannan shari'a. Yau ɗin nan ku duba kwanan watan da ke kan takardar hukuncin, ku kai ta ga lauyan da ya saba shiga kotun tarayya, ko ƙungiyar da ke taimaka wa baƙi kyauta.