OTP na makara a Sidekiq

Kana tambaya ko ka ƙara ma'aikata (na manhaja, ba mutane ba) a Sidekiq, manhajar da ke jera ayyukan shafi a layi tana yin su a bayan fage, tunda OTP, wato lambar tantancewa ta amfani sau ɗaya, sai ya yi minti 10 bai iso ba duk ranar da kuka tura imel ɗin talla. A'a ɗan'uwa, raba layi tukuna, don a bayan imel ɗin talla OTP ɗin yake jira. OTP da canjin kalmar sirri a ba su layinsu da ma'aikacin da ba ya taɓa komai sai su, talla kuwa ko ta jira awa ɗaya ba matsala.

In ma za ka ƙara, fara duba rumbun bayananka, don ƙarin ma'aikata na nufin ƙarin haɗi da shi. Ni na taɓa ninka ma'aikata cikin gaggawa, wallahi sai PostgreSQL, rumbun bayanan nawa, ya ƙi karɓar sabon haɗi, ai asalin iyakarsa 100 ne, shafin ya tsaya cak, kwastomomi na ta kira har tsakar dare.