Birkin gaba ne zai kayar da ni a gangaren duwatsun Auvergne?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Damagaram ne, ina karatu a Clermont-Ferrand ta ƙasar Faransa, shekarata ta biyu ke nan. Na sayi keken tsere na hannu, mai birkin roba da ke kama rim, kuma mun shirya da abokaina idan an yi babban hutu mu zaga ƙauyukan da ke cikin duwatsun nan: Orcival, Le Mont-Dore, Murol, Saint-Nectaire. Hawa bai dame ni ba. Gangara ce ke hana ni barci. Makon jiya na gangaro daga mashigar dutse ta Col de Ceyssat, hannuna ya sage, tayar baya ta yi ta zamiya, da ƙyar na sha wata kwana. Wani ɗan uwa da ya daɗe a nan ya ce kada in kuskura in taɓa birkin gaba a gangara, zai wuntsila ni ta kan keke, har ma ya sassauta mini wayarsa don kada in manta in matsa. Shin haka abin yake? Ko dai in haƙura da tafiyar?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka jingine keken nan tukuna. Ko burodi kada ka je saye a kansa sai an ɗaure wayar birkin gaban ta koma yadda take. Abin da ɗan uwan nan ya yi maka shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma ko a dokar hanya ta Faransa wajibi ne keke ya kasance da birki biyu masu kamawa.

Tafiyar kuwa kada ka fasa ta. Kana zaune a gindin jerin tsofaffin duwatsu masu aman wuta kusan 80, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 2018, kuma sun daɗe da yin shiru: ramin da ya zama tafkin Pavin, wanda yake cikin na baya-bayan nan, ya kai kimanin shekara 7,000. Hanyar da kuka zaɓa mai kyau ce. Daga Orcival, mai tsohuwar majami'ar baƙin dutse ta ƙarni na 12, ku haura Col de Guéry mai tsawon mita 1,268, ku gangara Le Mont-Dore, sannan ku bi ta Col de la Croix-Morand, mita 1,401, ku sauka wajen tafkin Chambon da ganuwar Murol. Shi dutsen Puy de Dôme ɗin da kake hange ta tagar ɗakinka ka cire shi a lissafi. Tun da aka shimfiɗa masa jirgin ƙasa a 2012 ba a barin masu keke su hau sai a wasu ranaku na musamman, kamar yadda 'yan tseren Tour de France suka hau a 2023, karo na farko tun 1988.

Yanzu batun birki. Shekara da shekaru ina gyaran kekuna ina koya wa mutane hawa, kuma babu makon da zai wuce ban ji wannan magana ba. Na ji ta a bakin dattawa, na ji ta a bakin masu faci, na ji ta har a bakin masu digiri. Wani ma yakan kawo mini keke robar birkin baya ta cinye ƙurmus har ƙarfe na cin rim, ta gaba kuwa sabuwa fil kamar yau aka sa ta, yana alfahari wai shi bai taɓa matsa ta ba. Idan na ga haka, na san mutumin da ke gabana bai taɓa tsayar da keke da gaske ba, Allah ne dai ke tsare shi.

Na san inda maganar ta samo asali, don ba daga sama ta faɗo ba. A layukan Damagaram da Maradi da ƙauyukan Kano, inda yashi ya cika hanya kuma ƙasa ke shimfiɗe kamar faranti, idan yaro ya damƙe birkin gaba tayar takan zame ya sha ƙasa. A can shawarar tana da ɗan amfani, domin gudun kaɗan ne, birkin baya ma ya isa. Kuskuren shi ne a ɗauko hukuncin yashi a ɗora wa busasshiyar kwalta a gangaren da keke ke kai kilomita 50 ko 60 a awa ba tare da ka taka feda ba.

Duk lokacin da ka matsa birki, nauyinka yana komawa kan tayar gaba, ta baya kuma ta yi sakayau. A gangara abin ya fi muni, domin tun kafin ka taɓa komai nauyin ya riga ya rinjaya gaba. Tayar da babu nauyi a kanta ba ta da abin da za ta riƙe kwalta da shi, sai ta kulle ta yi ta jan ƙasa. Zamiyar da ka ji a Ceyssat ke nan. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ma, mai birkin baya kaɗai yana bukatar kusan ninki biyu na tazarar da mai birkin gaba zai tsaya. Kuma idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa take yi huɗu. Ka lissafa wannan da saniya tsaye a tsakiyar kwana, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar da ake yin cukun Saint-Nectaire.

Sai kuma zafi, wanda masu ba da wannan shawara ba su ma san da shi ba. Daga Ceyssat zuwa cikin gari ka sauko kusan mita 700. Kai da kekenka idan kun kai kilo 85, ƙarfin da sai an kashe a wannan saukar ya isa ya tafasa ruwan shayi fiye da lita ɗaya da rabi. Iska takan ɗauki wani kaso, saura birki ne ke sha. Idan ka maƙale birki ɗaya tun daga sama har ƙasa, duk zafin nan a rim ɗaya yake taruwa. Roba ta yi santsi ta daina kamawa, iskar cikin taya ta kumbura, wani lokaci tayar ta fashe ana tsakiyar gudu. An gudu ba a tsira ba. Masu birkin faifai ma kada su yi dariya, nasu ma yakan yi zafi ya mutu a hannu.

To me ke wuntsila mutum ta kan keke? Firgita. Mutumin da bai taɓa gwada birkin gaba ba, ranar da mota ta ɓullo masa sai ya damƙe shi gaba ɗaya, hannuwansa a sake, keke ya tsaya shi kuma jikinsa ya ci gaba da tafiya. Wato hana shi koyo da aka yi ne ya kayar da shi, sannan a taru a ɗora wa birki laifi, maganar ta ƙara samun gindin zama. Wannan ne ke ba ni haushi. Mutum bai san abu ba, amma don ya riga ka zuwa gari sai ya sa hannu a kan abin da ranka ya rataya a kai.

Ga yadda ake yi. Hannu a ƙasan lanƙwasar ƙahon keken, inda yatsu ke samun ƙarfi. Ka ja ƙugunka baya a kan sirdi, ka tokare da hannuwa. Ka matsa birkin gaba da na baya a hankali kana ƙarawa, kamar mai matse lemo, gaba ya ɗauki mafi yawan aikin. Ka rage gudu sosai tun kana miƙe kafin kwana, ka saki ka sha kwanar, fedar ɓangaren da ke wajen kwanar a ƙasa, idonka na kallon inda za ka fita. Matsa ka saki, matsa ka saki, don rim ya sha iska. Idan yatsu sun sage ka tsaya a gefe ka huta. Inda za ka sassauta wa birkin gaba shi ne kan tsakuwa, kashin shanu, jiƙaƙƙen dutsen da aka daɓe tsakiyar ƙauyuka da shi, da kuma cikin kwana bayan ka riga ka karkata keken. A lokacin zafi akan watsa tsakuwa a ƙananan hanyoyin can, za ka ga allo mai ruwan ɗorawa da hoton mota na fesa duwatsu. Idan ka gan shi ka rage gudu tun da nisa.

Ka kuma tabbatar wane hannu ne na gaba. A Faransa hagu ne gaba, dama baya, akasin kekunan Ingila da kuma babur, wanda birkin gabansa ke hannun dama. Wanda ya saba da babur a gida yakan rikice a nan.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Hular kwano, ko da doka yara 'yan ƙasa da shekara 12 kaɗai ta tilasta wa. Riga mai tare iska a aljihu, domin can sama akwai sanyi ko a watan Yuli, kuma yatsun da suka ƙandare ba sa matsa birki. A cikin ƙauyuka, idan babu allo, motar da ta fito ta damanka ita ke da hanya. Shaguna sukan rufe da tsakar rana, sai ku riƙe guzuri, kuma ku tambaya kafin ku ci abinci, don girkin yankin ba ya rabo da naman alade.

Bayan an ɗaure wayar an duba robobin, ka sami filin ajiye motoci da ba kowa ranar Lahadi. Ka ja layi da alli, ka taho da ɗan gudu ka tsaya da birkin baya kaɗai, ka sa alama. Ka sake da duka biyun, ka sa alama. Ka yi haka sau ashirin kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, har ka ji lokacin da tayar baya ke fara ɗagawa ka san inda iyakar take. Ka tafi da ɗan uwan naka ya riƙe maka allin.