Dabarun leƙen asirin mayaƙan dā a hannun ɗan sandan yau

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawar shiga aikin 'yan sanda a nan Damagaram. Na ji ana cewa dabarun leƙen asiri na Sun Tzu har yanzu suna aiki. Shin za su taimaka a kan 'yan fale, wato gungun matasa 'yan daba, da masu shigo da tiramol?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Wasu za su taimaka, wasu kuwa su kai ka gaban alƙali a matsayin wanda ake tuhuma.

Sun Tzu mutumin ƙasar Sin ne, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. A babi na 13 na littafinsa na yaƙi ya kasa 'yan leƙen asiri gida biyar: ɗan gari, jami'in da ke cikin abokan gaba, ɗan leƙen asirinsu da aka juyo, wanda ake turawa da labarin ƙarya ko da zai halaka, da wanda yake zuwa ya dawo da labari. Ya ce sanin abin da ke tafe ba daga duba ko aljannu yake zuwa ba, daga bakin mutanen da suka san abokin gaba ne.

Wannan magana tana nan daram. Hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin ƙwaya ba za ta iya caje kowace motar da ta taso daga Magarya ko Matamai ba. Mai shayi a tasha, ɗan kabu-kabu, mai unguwa, su ne ɗan gari. Yaron da ya bar fale a unguwar Kara-Kara ya kama sana'a ya san abin da babu wayar da za ta faɗa maka, amma in sunansa ya fita daga komisariya, ka kashe shi da hannunka.

Kaso na huɗu, wato wanda ake turawa da labarin ƙarya, mance da shi. Janar yana iya sadaukar da mutum, ɗan sanda ba shi da wannan iko. Kuma wanda kake bi ɗan ƙasa ne mai haƙƙi. Tsegumi ba hujja ba ne. Mai gabatar da ƙara zai nemi kayan da aka kama da shaidu.

Abin da na fi jin tsoro shi ne mai kawo labari mai biyan buƙatar kansa. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa, suka kore shi zuwa Kodebuwa bisa rahotannin cewa ana shirya tawaye, kuma masana tarihi sun daɗe suna tababa kan gaskiyar rahotannin. Yau ma dillalin ƙwaya kan tona asirin abokin hamayyarsa don kasuwa ta zama tasa. Saboda haka duk labarin da ya zo maka, tambayi kanka me mai kawo shi zai samu, sannan ka nemi wani bakin da bai san na farkon ba kafin ka taɓa ƙofar kowa.